Yadda Ake Bin Ƙwallon Ƙarshen Mako A Hutun Disamba A Yamai

Wanda ya fara bin gasar Ingila a watan Agusta yakan ɗauka ya gane tafiyar abin: Asabar da Lahadi a kalli wasa, sauran kwanakin a sha gardama. Sai Disamba ta kama, lissafin ya rikice. Wasa ya faɗo Talata, ya faɗo Juma'a, lokacin ya canza, ga ɗaurin aure kowane ƙarshen mako saboda 'yan lekol da ma'aikata suna konje, ga kokawa a tele, ga hunturu. Na fi shekara goma ina riƙe da telekomand a fadarmu ta Bukoki, kuma abin da na koya shi ne wannan watan ba a shigarsa da ka. Tsara shi ake yi tun kafin ya kama, a takarda. Ga yadda nake yi.

Kayan da za ka tanada

Tele da dekoda da parabol, da abonoma mai rai. Regilata, wato na'urar daidaita ƙarfin kuran, domin dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta illa ga dekoda. Abin riƙe wuta idan an ɗauke: batir da fano na hasken rana, ko ƙaramin gurup da man da zai kai sa'a uku. Waya mai cikakken caji da forfe na intanet. Kaye na 'yan lekol guda ɗaya da biro. Buta da tabarmar salla. Kayan shayi: ganye, sukari, na'ana'a, gawayi. Rigar sanyi da rawani ko hula mai rufe kunne, don wasan dare.

In ba ka da tele a gida, kada wannan ya hana ka. Gidan kallo na unguwa ya isa, sai dai ka zaɓi wanda yake da gurup ko batir nasa, ka kuma tambayi mai gidan tun da wuri ko yana da tele biyu. Za ka ga amfanin tambayar nan a mataki na 2.

1. Rubuta jadawali da hannunka

Tun a makon farko na Disamba ka zauna ka kwafe wasannin ƙungiyarka daga tsakiyar wata har tsakiyar Janairu: rana, abokin karawa, gida ko waje. Ka bar fili a gefen dama don lokaci. Ƙarƙashin kowane wasa ka ƙara wasan ƙungiyoyi biyu ko uku da kuke tsere da su a teburi, domin wani lokaci abin da ya faru a filin wasu ya fi naka tasiri.

Dalilin wannan wahalar shi ne Ingila ba ta hutawa. Jamusawa suna rufe Bundesliga kafin Kirsimeti, sai cikin Janairu su dawo. Sifen da Faransa ma sukan ɗan tsaya. Ingila kuwa lokacin ne take cusa wasa bayan wasa, ƙungiya ta yi uku cikin kwana bakwai ko takwas. Ranar 25 ba a wasa, amma 26 ga Disamba tsohuwar ranar ƙwallo ce a wurinsu. A 1963, a rana irin wannan, an ci ƙwallo 66 a wasa 10 na babban rukuni, Fulham kaɗai ta zura wa Ipswich 10.

Sai dai kada ka dogara da al'ada. A 2025 wasa ɗaya tak aka sa ranar 26, Manchester United da Newcastle, sauran aka tura su kwanakin da suka biyo. Wanda ya ɗauki hutun aiki ranar don "ai kullum haka ake" ya yi asarar yini. Ka kuma sake duba jadawalin kwana biyu kafin kowane wasa, saboda masu tele a can sukan sa a matsar da wasa, kuma ƙanƙara ko iska mai ƙarfi kan sa a ɗage shi.

2. Mayar da lokaci zuwa agogon Nijar

Nan ne sabon shiga ya fi faɗuwa, kuma ba laifinsa ba ne. Daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da na Ingila ɗaya ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba sai su ja nasu baya da sa'a ɗaya, su zauna haka har Lahadin ƙarshe ta Maris. Mu ba ma taɓa namu. Don haka a Disamba duk lokacin da ka gani da agogon Landan, ƙara masa sa'a ɗaya.

Wasan farko na Asabar, na 12:30 a can, 1:30 ne na rana a Yamai. Na ƙarfe 3, wanda ake buga da yawa lokaci guda, ƙarfe 4 ne a nan. Na 5:30 ya zama 6:30. Ranar Lahadi na ƙarfe 2 ya zama 3, babban wasan 4:30 ya zama 5:30. Na dare, ƙarfe 8 a can, 9 ne a nan, ba za ka tashi ba sai wajen 11.

Faransa da Sifen da Italiya da Jamus kuwa, a hunturu agogonsu ya yi daidai da namu. In ka ga an rubuta 21h a jadawalin Faransa, ƙarfe 9 na dare ne a Yamai, kada ka ƙara komai. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya karanta lokaci a shafin Faransanci ya ƙara sa'a ɗaya, ya iso fada hutun rabin lokaci ma ya wuce.

Manhajojin sakamako a waya suna mayar da lokacin da kansu, in dai an saita wayar a kan agogon Nijar. Duba wannan saitin, musamman in wayar ta hannu ce da aka kawo daga waje. Sannan ka rubuta lokacin a kayenka.

Game da wasannin ƙarfe 4: tunda da yawa ake bugawa tare, tele ɗaya wasa ɗaya za ta nuna. Ku yanke shawarar wanda za a kalla tun da safe. A fadarmu doka ita ce ƙungiyar da ta fi magoya baya a zaune ita ke da tele, sauran su bi nasu a waya, mako mai zuwa a juya.

3. Dora lokutan salla a kan jadawalin

Wannan matakin na fi ba muhimmanci, domin ba na son ƙwallo ta zama abin da ke sa yaro ya yi wasa da salla. Kuma in ka lissafa, ba sai ɗaya ya ci ɗaya ba.

Wasa minti 45 ne, hutu minti 15, sai wani 45, da ƙarin lokaci ka ce sa'a biyu ba kaɗan. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Yamai wajen 6:30. A Tawa takan riga mu da kusan rubu'in sa'a. To ka duba:

Wasan 1:30 yana cin karo da azahar a yawancin masallatan unguwa. Yi alwala tun kafin a fara, ka san lokacin da masallacinku ke tada iƙama, in an kira ka tashi. Wasan ƙarfe 4 yana farawa daidai la'asar, ya ƙare kafin magariba. Minti goma na farko za ka rasa, kuma za a maimaita duk ƙwallon da ta shiga a hutun rabin lokaci. Babban wasan Lahadi na 5:30 ya fi kowanne daɗin sha'ani: hutunsa yana faɗowa tsakanin 6:15 da 6:35, ga mutanen Tawa daidai magariba, mu a Yamai kuma sai mu rasa 'yan mintocin farko na zagaye na biyu. Na Asabar 6:30 shi ne mai tsauri, ana busa usur ana kiran salla. A yi salla tukuna. Na ƙarfe 9 bayan lisha ne, abin kula a nan shi ne asuba, kada a zauna gardama har ƙarfe 1.

In kun kai mutum biyar zuwa sama kuma masallaci da nisa, ku shimfiɗa tabarma nan gefe ku yi jam'i. Amma a kashe sautin tele gaba ɗaya, ba ragewa ba.

4. Gyara abonoma da wuta da parabol

Abonoma na wata yana ƙirgawa ne daga ranar da ka biya. In naka yana ƙarewa tsakanin 24 ga Disamba da 2 ga Janairu, sabunta shi kafin lokacin, domin 25 da 1 ga wata ranakun hutu ne, wasu shagunan a rufe, ga cunkoso. Ni nakan daidaita nawa da 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, don ya kai ni har tsakiyar Janairu. Masu Canal+ su tambayi mai shago a fili wane rukunin tashoshi ne yake da gasar da suke bi, ba kowane ne yake da dukan tashoshin wasanni ba. Ka kunna tashar ka gan ta da idonka kwana ɗaya kafin wasa. In kuɗin na karo-karo ne a fada, a tara shi a farkon wata, kafin hidimar bukukuwa ta cinye aljihu.

Iskar hunturu tana motsa parabol. Wata shekara, ana saura minti biyar a fara wasa, hoto ya tsaya cik, ya farfashe kamar tsohon madubi. Muka sa ƙanen abokina ya hau rufi da sifana, shi yana juya faranti kaɗan-kaɗan yana cewa "Yaya, ya zo?", mu muna ƙasa muna amsawa "Bai zo ba, koma hagu!" Kafin hoton ya dawo an ci biyu. Tun ranar na koyi abu mai sauƙi: ranar da hoto yake garau, ka ɗaure kusoshin da kyau, ka ja layi da fenti a kan sandar da abin riƙe farantin, yadda in ya goce za ka mayar da layi kan layi cikin minti ɗaya.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. Rufe dekoda da ƙyalle in ba a amfani da shi, amma ka cire ƙyallen in ka kunna don kada ya yi zafi. Goge fano da safe, domin ƙurar kwana uku tana rage cajin batir sosai, kuma sai dare ya yi za ka gane. Mai gurup ya tada shi ya gwada tun da rana, ya ajiye shi a fili nesa da inda mutane ke zaune. Kada a taɓa shigar da shi ɗaki don gudun sanyi ko ɓarayi, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ji wari ba. Haka ma murhun gawayi a ɗaki rufe.

In wuta ta ɗauke ba ka da ko ɗaya, ka riga ka san gidan kallo mafi kusa da kuɗin kabu-kabu a aljihu. In hakan ma bai yiwu ba, bi wasan a rubuce a waya. Wannan ba ya cin forfe, kallon hoto kai tsaye ne ke cinye shi.

5. Sasanta da gida, da kuma kokawa

Ka kai kayenka gaban uwargida ko iyaye tun farkon wata. Ka tambayi ranakun biki da suna da ziyarar da aka sa, ka rubuta su da jan biro a shafi ɗaya da wasannin. Ɗaurin aure yawanci da safe ne, ba ya taɓa wasa. Abin da ke taɓawa shi ne kai mata gidan biki da yamma da ɗauko su. In ka ce tun da wuri "Ranar Lahadi zan kai ku ƙarfe 4, in dawo ɗaukarku bayan lisha," magana ta ƙare lafiya. In ka yi shiru sai an sa lalle an fito, kai ne mai laifi. Kuma ka zaɓi wasa ɗaya ko biyu da za ka sadaukar. Ba duka ne suke da nauyi ɗaya ba.

Sai kokawa. Gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, a shekarun nan sau da yawa tana faɗowa ƙarshen Disamba, jihohi 8 kowace da 'yan kokawa 10, Télé Sahel tana nunawa kai tsaye da yamma, lokacin wasan ƙarfe 4. Akwai dattijo a fadarmu, mutumin Ader, da na taɓa tambaya cikin ladabi, "Baba, yau kokawa za a sa ko balo?" Ya ce, "Yaro, balo kowane sati yana nan. Takobi sau ɗaya ne a shekara." Gaskiyarsa. Tun daga nan ranar kusa da ƙarshe da ranar ƙarshe ta kokawa ce a babbar tele, ƙwallo ta koma waya ko ƙaramar tele da muke arowa. Ni kaina ranar da ake ɗaukar takobi ba na son a canza tasha.

6. San halin da ƙungiyarka take ciki

Mai son ƙungiya da gaske ba sakamako kawai yake jira ba. Kafin kowane wasa ka duba abu uku.

Na farko, katin gargaɗi. A gasar Ingila ɗan wasan da ya tara kati 5 cikin wasa 19 na farko ana dakatar da shi wasa ɗaya. Gasar wasa 38 ce, na 19 ɗin yana faɗowa wajen ƙarshen Disamba. Rubuta sunan duk mai kati 4 a ƙungiyarka. In ka ga ɗan bayanku yana jin tsoron sa ƙafa, wataƙila dalilin ke nan.

Na biyu, gajiya da rauni. In wasa ya zo kwana uku bayan wani, koci zai hutar da wasu, kuma yana da damar canji 5 a wasa. Kada ka tada jijiyar wuya don an ajiye gwaninka a benci. Duba wa za a kara da shi nan da kwana uku tukuna.

Na uku, kofin Afirka. Na Kodebuwa an yi shi daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu 2024. Na Maroko an fara shi 21 ga Disamba 2025, tsakiyar cunkoson wasannin Ingila. Liverpool ta rasa Mohamed Salah, Manchester United ta rasa Mbeumo da Amad Diallo da Mazraoui lokaci guda. A shekarar da wannan gasa ta faɗo a hunturu, ka ƙirga 'yan Afirkan ƙungiyarka da na abokan hamayya tun kafin a tafi.

Ni ɗan Arsenal ne, kuma akwai mako guda da ba na mantawa. Kirsimetin 2023 muna saman teburi. Ranar 28 ga Disamba West Ham ta zo gidanmu ta ci mu 2-0, ranar 31 Fulham ta ci mu 2-1. Muka zubar da maki 6 cikin kwana huɗu. Da aka rufe gasa a watan Mayu, Manchester City tana da maki 91, mu 89. Wasannin da wasu suka raina saboda hidimar ƙarshen shekara, su ne suka raba mu da kofi. Shi ya sa nake cewa kada ka bar ƙaramin wasa don kana jiran babba.

7. Ranar wasa

Iso da rabin sa'a. Ana fitar da sunayen 'yan wasa sama da sa'a ɗaya kafin a fara, ka duba su a hanya. A hura gawayi da wuri yadda shayi na farko zai fito daidai busa usur, na biyu a hutun rabin lokaci, na uku bayan an tashi, lokacin gardama. Dattawa a gaba a kan kujeru, yara a tabarma, ba mai wucewa ta gaban tele sai ƙwallo ta fita.

Doka ɗaya da ba ma sassautawa: a kashe sanarwar ƙwallo a waya. Manhaja takan riga tele da 'yan daƙiƙoƙi. Ana shirin bugun kusurwa, kowa ya riƙe numfashi, sai wayar wani ta yi ƙara ya yi tsalle. Ya kashe wa mutum ashirin daɗin da suka jira mako guda.

Tsokana halal ce a fada, ita ce gishirin abin. Iyakarta ƙungiya da koci da ɗan wasa. Ba a shiga iyaye, ba a shiga ƙabila, kuma in ka ga idon mutum ya canza ka miƙa masa shayi.

Sai caca. Zan faɗa ba kwana-kwana: ka nisance ta. Bayan haramcinta, na ga yadda take lalata kallo. Na san yaron da ya daina murna in ƙungiyarsa ta ci, domin takardarsa tana neman a tashi kunnen doki. A watan da ake wasa kusan kullum, kuɗin lekol na zango na biyu yana iya tafiya cikin kwana goma. A fadarmu ba a fito da takardar caca.

8. Ka je fili ko sau ɗaya

Muna da tamu gasar, Super Ligue, ƙarƙashin FENIFOOT, hukumar ƙwallo ta ƙasa, da ƙungiyoyi irin su Sahel da Olympic, tsofaffin Yamai, da AS FAN da AS Douanes da AS GNN. Ƙasar da ta kai Mena, ƙungiyarmu ta ƙasa, kofin Afirka a 2012 da 2013 daga irin waɗannan filayen ta samo yaranta. Duba jadawali a shafin hukumar ko ka saurari labarin wasanni a rediyo. In an sa wasa a ƙarshen mako cikin hutun, a filin Janar Seyni Kountché ko wani filin gari, ɗauki yaran gida ka je. Tabbatar da fili da lokaci a safiyar ranar, domin sukan canza. Riƙe ruwan sha da ƙananan kuɗi, ka sa wa yara abin rufe hanci saboda ƙura. Yaron da ya ji ƙarar ƙwallo a ƙafar ɗan wasa daga mita goma, ya ga yadda gola ke tsawata wa 'yan bayansa, kallonsa a tele ma yana canzawa.

9. Makon farko na Janairu

Abu biyu ne ke rikita sabon shiga a nan. Manyan ƙungiyoyin Ingila suna shiga kofin FA a zagaye na 3 a farkon Janairu, don haka akwai ƙarshen makon da babu wasan lig sam. In ka ga ƙungiyarka da wata da ba ka taɓa jin sunanta ba, kofin ne, ba ya ƙara maki a teburi, amma wanda aka ci ya fita. Tambayi ko tashar da kake da ita tana nuna shi, ba lallai ba ne.

Sannan kasuwar 'yan wasa tana buɗewa da shigowar Janairu, Facebook da WhatsApp su cika da hotunan ɗan wasa sanye da rigar da bai taɓa sawa ba. Kada ka kawo labari fada sai ka gan shi a shafin ƙungiyar kanta. Bayan wasa na 19 ka buɗe sabon shafi a kayen, ka rubuta makin ƙungiyarka da na waɗanda kuke tsere da su, ka ja layi ƙarƙashi. Daga nan za ku sake haɗuwa da kusan kowace ƙungiya karo na biyu, wanda kuka je gidansa shi zai zo naku. Ka kuma sa alama a Lahadin ƙarshe ta Maris, ranar da za ka daina ƙara sa'a ɗaya.